Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan: Malamin da ya Yaƙi Turawa da Bindiga da Waƙa

Wani ɗan'uwa mai sha'awar tarihi ya aiko da tambaya yana cewa: "Malam, na ji labarin wani malami Basomale da Turawan Ingila suka yi wa laƙabi da mahaukacin malami. An ce ya shekara 20 yana yaƙarsu, an kuma ce babban mawaƙi ne. Wane ne shi, me ya haɗa waƙa da yaƙi, kuma da gaske ne sai da jiragen sama aka iya karya shi?"

Malam, wanda ake nufi shi ne Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan, jagoran rundunar da aka sani da Darawish, wadda ta yi ta gwabzawa da Ingila da Habasha, wani lokaci har da Italiya, daga 1899 zuwa 1920. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne waƙa rabin mulkin mutumin nan ce, domin da ita yake tara jama'a, da ita yake aika saƙo, da ita yake kare kansa idan an zarge shi, da ita kuma yake tozarta wanda ya juya masa baya. Game da jiragen sama, gaskiya ne su suka rufe labarin, amma sun tarar da ƙungiyar da ta riga ta raunana daga ciki, kuma shi kansa yana da hannu a wannan raunin.

An haife shi a 1856 a yankin Buhodle, cikin ƙasar makiyaya masu raƙuma. Mahaifinsa malami ne daga dangin Ogaden, mahaifiyarsa kuwa daga dangin Dulbahante, kuma a cikin dangin uwa ya tashi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar Somalawa, inda ba a da sarki ɗaya mai iko da kowa, dangin mutum kuma su ne garkuwarsa, su ne masu biya masa diyya, su ne masu kare masa rijiya da wurin kiwo. Ya haddace Alƙur'ani yana yaro, ya yi yawon neman ilimi har Harar da Mogadishu, sannan ya tafi aikin Hajji a 1894. A Makka ya haɗu da Shaihu Muhammad Salih, wanda ya kafa ɗariƙar Salihiyya, reshe daga koyarwar Shaihu Ahmad bin Idris, ya karɓi ɗariƙar a hannunsa, ya dawo gida a 1895 da izinin yaɗa ta.

Ya sauka a Berbera, tashar jiragen ruwa kuma hedikwatar Turawan Ingila a yankin. Ingila ba ta da wani babban buri a wannan ƙasa face ta samu naman da za ta ciyar da sojojinta da ke Aden, shi ya sa tsakanin 1884 da 1886 ta ƙulla yarjejeniyar kariya da dangogin bakin teku. A Berbera Sayyid ya yi wa'azi mai zafi: ya hana taunar ganyen kat da shan taba, ya soki kamun ƙafa da waliyyai da suka rasu, ya yi tir da zaman jin daɗi a ƙarƙashin Nasara. Malaman garin mafi yawansu 'yan Ƙadiriyya ne, fatake kuma suna cin ribar cinikin Aden, don haka ba su saurare shi ba. Bayan kamar shekara biyu ya tattara ya koma cikin ƙasa wajen dangin mahaifiyarsa. Somalawa suna ba da labarin cewa a hanya ya ratsa ta wata tashar 'yan mishan Faransawa, ya tambayi marayun da ake reno a wurin danginsu, suka amsa masa cewa su 'yan dangin fada-fada ne, wato limaman cocin. Ko yaya labarin ya faru, yana nuna abin da ya fi tayar masa da hankali, wato a raba yaro da addininsa da nasabarsa a lokaci guda.

A cikin ƙasar ya tarar da wata masifar da ta fi ta Turawa kusa da jikin makiyaya. Sarki Menelik na Habasha ya kama Harar a 1887, sojojinsa kuma suka riƙa kutsawa Ogaden suna kwashe dabbobi da sunan haraji. Habasha tana da damar sayen bindigogi daga Turai, Somalawa kuwa dokar Turawa ta hana a sayar musu, ga shi a 1897 Ingila ta sallama wa Menelik makiyayar Haud ba tare da ta shawarci masu kiwo a cikinta ba. Mutanen da aka yi wa alkawarin kariya suka ga an bar su da masu da garkuwa a gaban bindiga. Sayyid ya fara da sasanta rikicin dangi, sunansa ya yi ƙamshi a matsayin mai adalci, jama'a suka yi ta taruwa a wurinsa, makamai kuma suka fara shigowa ta ɓarauniyar hanya daga Jibuti da tashoshin gabas. A farkon 1899 wani jami'in Ingila ya rubuto masa daga Berbera yana neman a dawo da wata bindiga da aka ce an kai sansaninsa. Ya mayar da amsa a taƙaice cewa bai saci komai nasa ba, ya je ya nemi kayansa wurin wanda ya cuce shi. Kafin ƙarshen wannan shekara ya shiga Burao da dubban mutane, ya shelanta jihadi.

Mabiyansa suka ɗauki sunan Darawish, suna ɗaura farin rawani, suna riƙe carbi, aka kuma koya musu cewa mubaya'ar da suka yi ta fi nasabar dangi ƙarfi. Wannan shi ne sabon abin da ya kawo, kuma shi ne tushen rikicinsa da shugabannin gargajiya. Garad Ali, shugaban wani babban reshe na Dulbahante, ya ce ya yarda Sayyid ya ja ragamar addini amma ya bar masa sha'anin danginsa, sai aka kashe shi, kisan da ya sa mutane da yawa daga dangin uwar Sayyid suka janye jiki. Ya kamata a lura cewa manyan na kusa da shi sun fito daga dangogi daban-daban, har da Isaƙ, irin su Sultan Nur na Habar Yunis da Haji Sudi, wanda a da tafinta ne na Turawa, don haka wanda ya ce rundunar ta dangi ɗaya ce bai yi mata adalci ba. A Maris 1900 suka kai wa sansanin Habasha da ke Jigjiga farmaki domin ƙwato dabbobin da aka kwashe, amma 'yan watanni bayan haka suka kwashe dubban raƙuma daga wani reshe na Isaƙ da ke ƙarƙashin kariyar Ingila. Daga nan yaƙin ya zama mai fuska biyu, ɗaya ga baƙi, ɗaya ga 'yan gida, kuma haka ya ci gaba har ƙarshensa.

Tsakanin 1901 da 1904 Ingila ta aika rundunoni huɗu, Habasha tana taya ta daga yamma. A Erigo a Oktoba 1902 Darawish suka ƙwace bindiga mai jigida ta Maxim. A Gumburu, ranar 17 ga Afrilu 1903, suka rutsa da rundunar Kanar Plunkett cikin ƙaya har harsashinta ya ƙare, suka kashe dukkan hafsoshinta Turawa tara da sojoji kusan 200. Wata ɗaya ke nan da faɗuwar Sakkwato a hannun wannan daular, kuma wata uku kafin yaƙin Burmi. Abin da ya ba Darawish wannan juriya shi ne ba su da birnin da za a kama: sun san rijiyoyi, dawakansu suna jure ƙishirwa, abokin gaba kuwa sai ya ɗauko ruwansa a bayan raƙuma daga nesa. Sayyid da kansa ya faɗa wa Turawan haka a wata wasiƙa da ya rubuta musu a 1903, inda ya ce ba shi da ganuwa, ba shi da gidaje, ba shi da gonaki ko zinariya da za su ɗauka, ƙasar duk daji ce da dutse da suri da zafin rana, abin da kawai za su samu a wurinsa shi ne yaƙi. Ranar da ya saki wannan dabara ya tsaya a fili, a Jidbali ranar 10 ga Janairu 1904, bindigogin Janar Egerton suka yi wa Darawish mummunar ɓarna, Turawa suka ƙiyasta kusan mutum 1,000 suka mutu. A Maris 1905 ya sa hannu kan yarjejeniyar Illig da wakilin Italiya, Pestalozza, aka ba shi yankin Nugal da mafita zuwa teku.

A nan ne maganar waƙa take shigowa da ƙarfinta, domin mafi yawan waƙoƙinsa da suka shahara sun fito ne bayan shan kashin Jidbali, lokacin da yake buƙatar sake gina abin da bindiga ta rusa. A wancan zamani ba a rubuta harshen Somalanci sai jefi-jefi, hasali ma sai a 1972 aka amince da harufan rubuta shi a hukumance. Sayyid yana rubuta wasiƙu da risaloli da Larabci, kamar wadda ya aika wa dangin Bimal na kudu da ke yaƙar Italiya, amma waɗannan malamai kaɗai suke karantawa. Makiyayin da ke bakin rijiya waƙa ce take isa gare shi, kuma a al'adar Somalawa mawaƙi kakakin danginsa ne, wanda baitinsa yake iya tayar da yaƙi ko ya kashe shi. Babban nau'in waƙarsu shi ne gabay, mai dogayen layuka, wanda ake rerawa a hankali ba kiɗa, akwai kuma gerar mai gajerun layuka wanda a da ake yinsa a kan doki. Mu da muka saba da amsa-amo a ƙarshen baiti za mu ga tsarinsu baƙo ne, domin su a farkon kalma suke ɗaure waƙa: mawaƙi ya zaɓi sauti ɗaya, sannan kowane rabin layi, daga farkon waƙar har ƙarshenta, dole ya ƙunshi kalma mai farawa da wannan sautin, ko da waƙar ta haura layi 100. Wannan ƙa'ida tana da wuya ƙwarai, amma ita take sa waƙar ta zauna a ka, ta kuma hana mai haddace ta sauya kalma yadda ya ga dama. Sayyid yana da mahaddata na musamman, mafi shahararsu Husaini Diƙle, waɗanda suke ɗaukar waƙa daga bakinsa su koya wa wasu, daga nan ta bi fatake da makiyaya ta isa inda dokinsa ba zai kai ba, har cikin kasuwar Berbera.

Misali ɗaya zai nuna yadda yake aiki da ita. Yana da wani doki da yake matuƙar ƙauna mai suna Hin Finin. Da ya so ƙulla zumunci ta hanyar aure da wani shugaba daga dangin Majerten, sai ya zama dole ya ba da dokin. Bai miƙa shi shiru ba, ya yi masa waƙa, ya siffanta launinsa da tafiyarsa da gudunsa, ya ambaci irin dukiyar da ya fi son ya bayar a maimakonsa, ya bayyana yadda rabuwar take ƙona masa rai, sannan ya miƙa linzami. Wanda ya ji waƙar zai yi zaton kukan mai doki ne kawai, alhali kuwa an sanar da ƙasa baki ɗaya girman kyautar, an kuma ɗora wa wanda ya karɓa bashin da ba zai iya musunsa a gaban kowa ba. A ganina a irin wannan wuri ake gane gwanintarsa fiye da waƙoƙin zambo, ko da yake zambon ne ya fi yawo.

Zambonsa kuwa ba shi da sassauci. Yana kiran dangi da suna ya tozarta shi, yana kafirta Somalawan da suka yi ƙawance da Turawa, ya halatta dukiyarsu. Ba a bar shi shi kaɗai a fagen ba, domin mawaƙa irin su Ali Jama Habil da Ali Duh sun mayar masa da martani, suna zarginsa da zubar da jinin Musulmi da kwashe raƙuman marayu da sunan jihadi, waƙoƙinsu kuma sun yi yawo kamar nasa. A 1909 abubuwa biyu suka taɓa mutuncinsa na addini. Na farko, wani tsohon na hannun damansa da ya ɓalle ya je Makka ya dawo da wasiƙa daga Shaihu Muhammad Salih, wadda take zargin Sayyid da kisa da ƙwace ba bisa shari'a ba, Turawa kuma suka tabbatar an yaɗa ta. Ɗaruruwan Darawish suka taru a gindin wata bishiya suna shawarar barinsa, asiri ya tonu, aka kashe da yawa daga cikin jagororinsu. Na biyu, a Afrilun wannan shekara mutanen ɓangarensa suka kashe Shaihu Uwais al-Barawi, babban shehin Ƙadiriyya na kudu, a Biyole, Sayyid kuma ya yi waƙar murna da kisan. Mai son Sayyid ba shi da yadda zai wanke wannan, kuma ya rufe masa ƙofar kudancin ƙasar, inda almajiran Shaihu Uwais suke da yawa.

Turawa ma sun tafka tasu ɓarnar. Da suka ga kuɗin yaƙin ya fi amfanin ƙasar, sai a 1910 suka janye zuwa garuruwan bakin teku, suka raba wa dangogin da ke tare da su bindigogi wai su kare kansu. Dangogin suka juya bindigogin a kan juna, Darawish suna kai hari ta ɗaya gefen, dabbobi suka ƙare, yunwa ta shigo. Somalawa suna kiran wannan lokaci zamanin cin haram, saboda abin da yunwa ta tilasta wa mutane ci, kuma an ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na mazan yankin suka halaka. Domin tsayar da wannan ne aka kafa 'yan sandan raƙuma a 1912 ƙarƙashin Richard Corfield, wanda kafin nan ya yi aiki a Arewacin Nijeriya. An umarce shi kada ya yi arangama da Darawish, amma ranar 9 ga Agusta 1913 ya tare musu hanya a Dul Madoba da mutum kamar 110, su kuwa sun haura 2,000, suna kora raƙuman da suka kwaso. An harbe shi tun farkon faɗan, sama da mutum 30 daga rundunarsa suka mutu. Darawish sun yi asarar ɗaruruwa, amma sun wuce da raƙuman.

Isma'il Mire, ɗaya daga cikin jagororin yaƙin Darawish wanda shi ma mawaƙi ne, ya kawo labarin, Sayyid ya mayar da shi waƙar da ta fi duk waƙoƙinsa suna, wadda aka ɗaure da sautin "j" daga farko har ƙarshe. A cikinta yana magana da mamacin kai tsaye, yana ba shi saƙo ya kai lahira: idan mutanen can suka tambaye ka yadda aka yi, ka ce musu Darawish sun auko maka da hantsi, ka faɗi yadda harsashi ya same ka, yadda ka nemi a yi maka rai aka ƙi, yadda kura ta ja namanka, hankaki ya tsittsinke jijiyoyinka. Hikimar ita ce ya mayar da abokin gaba mai shelar nasarar Darawish da bakinsa. Idan aka auna da ma'aunin soja, faɗan Dul Madoba ƙarami ne, kuma Darawish sun fi yin asarar rayuka, amma abin da ya zauna a kan Somalawa har yau shi ne yadda waƙar ta ba da labarin.

A wannan tsakani ya yi abin da ya saɓa wa wasiƙarsa ta 1903, ya fara gina ganuwa. Ya kawo magina daga Yaman suka gina masa babbar hedikwata ta dutse a Taleh, da wasu a Jidali da Medishe da cikin Ogaden. Gine-ginen sun ba shi kamannin mai daula, kuma suna iya tsayawa gaban bindigar hannu, amma sun ba abokin gaba abin da ya shekara goma yana nema, wato wurin da zai nufa. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙulla hulɗa da Lij Iyasu, mai mulkin Habasha a lokacin, da Turkawan Usmaniyya, har aka aiko masa da wani Bajamushe mai gyaran bindiga, sai dai an tumɓuke Iyasu a 1916, wannan ƙofa ta rufe. Turawa suka tsananta tsaron teku har harsashi ya yi wuya, sabuwar rundunar sojan raƙuma ta riƙa matsa masa, zargi da kashe-kashe a cikin sansani kuma suka sa mutane suna ta gudu, kowane mai gudu yana kai wa Turawa labarin abin da ya baro.

Haka jiragen suka same shi. Ranar 21 ga Janairu 1920 jiragen yaƙin Ingila, daga cikin 12 da aka kawo ta ruwa zuwa Berbera, suka yi ruwan bama-bamai a Medishe, inda kawunsa ya mutu a kusa da shi, shi kuma ya tsira da ƙyar. A farkon Fabrairu aka jefa wa Taleh bama-bamai, aka kama ta ranar 9 ga wata, cikin mako uku an gama. Jami'an London suka yi ta alfahari da arhar wannan yaƙi, suka mayar da shi hujjar cewa jirgin sama zai iya riƙe ƙasashen mallaka, dabarar da suka kai Iraƙi bayan haka. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne jiragen tarwatsa mutane suka yi, waɗanda suka bi sawu suka kama ganuwoyin kuwa sojan raƙuma ne da sojojin ƙasa da dubban mayaƙan dangogin Somalawa. Sayyid ya tsere zuwa Ogaden, Gwamna Archer ya aika masa tawagar malamai da dattawa da tayin afuwa, ya ƙi. Bugun ƙarshe ya zo ne daga rundunar dangogi ƙarƙashin Haji Warabe, wadda ta auka wa sansaninsa a tsakiyar 1920 lokacin da agana take cin mutanensa, ta kwashe dabbobin da suka rage. Ya ƙarasa Imi a bakin kogin Shabelle, ya rasu a can da mura mai tsanani a Disamba 1920, yana da shekara 64, Turawa ba su taɓa kama shi ba. Daga cikin waƙoƙinsa na ƙarshe akwai ta wasiyya, inda yake gargaɗin Somalawa cewa kyautar Bature tarko ce, za a raba su da makamai, sannan a raba su da dabbobi da ƙasa.

Laƙabin hauka kuwa ba shi da gindi. Mutumin da ya yi siyasa da dauloli uku shekara 20, ya rubuta risalolin fiƙihu, ya tsara waƙoƙin da masana harshen suke sa su a sahun farko, ba a kiransa mahaukaci, kuma jami'an Ingilan da suka yaƙe shi sun san haka. Inda ake da saɓani na gaske shi ne tsakanin Somalawa su kansu. Bayan samun 'yanci a 1960, musamman a zamanin Shugaba Siyad Barre, gwamnati ta ɗauke shi uban kishin ƙasa, aka kafa mutum-mutuminsa a kan doki a Mogadishu, aka sa waƙoƙinsa a makarantu, bayan Shaihu Jama Umar Isa ya bi tsofaffin Darawish ya tattaro su daga bakinsu aka buga a 1974. An tumɓuke mutum-mutumin a lokacin yaƙin basasa, aka mayar da shi a 2019. A yankin Somaliland kuwa, wato arewacin ƙasar da Ingila ta mulka, da wasu sassan Majerten da kudu, akwai iyalai da yawa da abin da suka gada game da shi shi ne labarin raƙuman da aka kwashe da kakannin da aka kashe, kuma har yanzu suna haddace baitocin da mawaƙansu suka mayar masa.